Inda Inna Ta Binne Mabiyiya

Ina tsaka da tuƙa tuwo maigidana ya shigo da labarin. Daga ofishinsu na unguwar Southwest yake, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a bakin kicin ya ce wai jiha za ta rufe gandun shaƙatawar nan da muke zuwa, ta ce ɗawainiyarsa ta fi ƙarfinta. Gunduma na shawarar ko ta karɓa, amma mutanenta sun rabu biyu. Wasu na cewa a karɓa kafin a sayar wa masu gina gidaje, wasu na cewa kayan da ya gagari babba ba za a ɗora musu ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin cunkoson hanya. Ni kuwa muciya ta tsaya a hannuna har tuwon ya fara kamu.

"Ke kuma lafiya?" in ji shi.

"Ka manta abin da muka ajiye a fak ɗin nan?"

Ya kalle ni, can ya ce, "Au." Namiji ke nan. Shi ya ja motar da hannunsa ranar, amma sai da aka tuna masa.

Lokacin da na haifi 'yata ta fari muna zaune a wani gidan haya a garin Gaithersburg, nan Amurka, can saman bene, ba mu da ko taƙi ɗaya na ƙasa da za mu ce namu ne. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Zariya don ta yi mini wankan jego. Tana shigowa ɗakin asibiti ta leƙa fuskar jaririya, ta yi mata addu'a, ta juyo ta ce, "Ina mabiyiyar?" Tana nufin naman nan da ke biyo jariri bayan ya faɗo. A gida ba a wasa da ita. Ungozoma ke wanke ta tas, a haƙa rami a bayan ɗakin mai jego a binne, kuma inda aka binne ta nan ne asalin mutum ko da ya ƙare rayuwarsa a bangon duniya.

Na ce, "Inna, nan asibiti ne ke ƙone ta."

Da na sani da ban faɗa ba. Ta dafe ƙirji. "A ƙone? Abokiyar tafiyar yarinya, wata tara suna ɗaki ɗaya, a jefa ta wuta kamar tsumma? To ba da jikata ba."

Ni mai haɗa magunguna ce, na karanci jikin mutum daidai gwargwado, amma ban taɓa cin Inna a gardama ba, ballantana ina kwance da ɗinki. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, Kirista, wadda tun daga ranar ta zama aminiyata, ita ta ji hayaniyarmu da Hausa ta leƙo. Ta ce ai in mai haihuwa ta nema ana ba ta. Haka muka koma gida da jaririya a kujerarta, da mabiyiya a cikin roba mai murfi. Ta kwana biyu a firji kusa da markaɗen tattasai, maigidana ya daina shan ruwan sanyi.

Sai neman wurin binnewa. Ciyawar da ke kewaye da benenmu ta kamfani ce, kullum ana bin ta da inji, ga karnukan maƙwabta. Ranar da Inna ta hango wani kare ta taga yana tonon ƙasa a gindin fure, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba dai a nan ba. Shi ne maigidana ya tuna da gandun. Wata safiya ya ɗauke ta, ta naɗe abin a farin ƙyalle, ta riƙe 'yar fartanyar shuka fure da ya sayo mata. Da suka isa ta ce masa, "Zauna a mota, ɗan nan, wannan ba aikin maza ba ne." Shi kuma da kunyar suruka, ya zauna.

Ta dawo gida da laka a bakin zaninta, fuskarta fes. Ta ce ta samu wuri mai tsabta. A bar hanyar ƙafa bayan an wuce tafki, a hau wani ɗan tudu, akwai wata ƙatuwar bishiya, ga duwatsu an kakkafa a tsaye. Ta ce iyakar gonar mutanen zamanin da ce, irin yadda ake yi a ƙauyensu. "Ba sawun mutum, ba na kare. Ko kukan tsuntsu ban ji ba." Abin da ya burge ta ke nan. An ce baƙo makahon gari ne, amma a lokacin wa zai ce Inna ba ta gani?

Bayan na yi arba'in, kafin ta koma, ta kai ni. Ba ta bar ni na sauka daga hanya ba, wai mai goyon ɗanyen jariri ba ta shiga cikin itatuwa. Daga nesa ta nuna mini da baki, ta ce, "Can, gindin waccan." Na ga bishiyar, na ga duwatsun sun yi gansakuka. Abin da na fi tunawa shi ne shirun wurin. Daga ƙasa ana jin ihun yara a bakin tafki da rediyon masu gasa nama, amma daga tudun ba abin da ke fitowa. Jaririyar da ke ta mutsu-mutsu a bayana ta lafe. Na ce barci ne.

Magana in ta shiga bakin mata a gidan suna, to ta gama gari. Duk wadda ta haihu a cikinmu sai ka ji ana raɗa mata, "Kin san wurin Inna?" Aminiyata 'yar Jos ta kai ta ɗanta, ta ce su ma a ƙauyensu na kan dutse haka ake yi. Wata 'yar Maraɗi da ke zaune a garin Landover ta kai na yaranta duka. Kowa da hannunta ko hannun uwarta, kowa kuma da alamarta, wata ta kife tukunyar fure, wata ta jera tsakuwa. Ba mu ɗauke shi sata ba, ba mu kuma ɗauke shi abin tallatawa ba.

Kowace Sallah a gandun muke shimfiɗa tabarmi, maza na ƙona nama suna kiransa tsire, yara na guje-guje har cikin itatuwa. Sai daga baya na tuna ban taɓa ganin yaro ɗaya ya hau tudun nan ba, alhali ba wanda ya hana su. In ƙwallo ta gangara can sai su tsaya a bakin hanya suna tura juna.

Shekaru suka tafi. Inna ta rasu a Zariya, Allah ya jiƙanta. Wata guguwar bazara ta kayar da bishiyar, ma'aikatan gandun suka yayyanka ta suka kwashe, kututturen ma ya ruɓe ya bi ƙasa. Jaririyar ta shiga jami'a, tana jin Hausa sarai amma sai ta ga dama take amsawa da ita.

Kwana kaɗan bayan maigidana ya kawo labarin, na tashi aiki da wuri na kama hanya ni kaɗai. Ƙarshen kaka ne, ganye ya zube, itatuwa sun tsaya tsirara. Ɗan ɗakin mai gadin ƙofa ba kowa. Banɗakunan an ɗaure su da sarƙa, ƙananan jiragen haya an kife su a bakin tafki. A filin ajiye motoci mota ɗaya ce tal, sai wasu bareyi tsaye a kan kwalta. Da can in sun ji motsi rugawa suke yi. Waɗannan suka bi ni da ido har na kulle mota, ba wadda ta ɗaga ƙafa. Na yi bisimilla na wuce ta gabansu.

Tun kafin in hau tudun na hango wani abu ja-ja a cikin busasshen ganye. Tutoci ne ƙanana na leda, a kan siririyar waya, an sossoka su a ƙasa. Wajen duwatsun an jera su bibbiyu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta tsawon mutum a kwance. Ban so in gane abin da idona ke gani ba. A gefe kuma, daidai inda bishiyar take a da, tutocin ɗai-ɗai ne, a cunkushe. Ba iska, amma ledojin na ɗan kaɗawa suna ƙas-ƙas.

"Kin zo wajen mutanenki ne?"

Da Turanci aka yi maganar, daga bayana. Saura kaɗan in saki fitsari. Wata tsohuwa ce baƙar fata 'yar ƙasar, zaune a kujerar naɗewa a jikin wata bishiya, cikin ƙatuwar rigar sanyi ta maza mai launin ganyen da ke ƙasa, shi ya sa ban gan ta ba. Na ce a'a, yawo kawai na fito. Ta gyaɗa kai, ta ce ita wajen nata ta zo.

Ta ce kafin wurin ya zama gandu gonar taba ce, kuma kakannin kakanninta bayi ne a cikinta. Nan ake binne su. Duwatsun nan da ba rubutu, kowanne kan mutum ne. Danginta sun san da haka tun tana yarinya, ba wanda ya saurare su, sai yanzu da gunduma ke son ta san abin da za ta karɓa. Gundumar ta turo mutane da wani inji mai kama da na yankan ciyawa, wanda ke gano inda aka taɓa haƙa ƙasa, duk inda ya nuna sai a soka tuta. Tun daga ranar kullum sai ta zo ta zauna da su.

"Manyan mun san da su," ta ce. Ta ɗaga sandarta ta nuna daidai inda Inna ta taɓa nuna mini da baki. "Waɗancan ne ba mu sani ba. Dubi ƙanƙantar ramukan. Jarirai ne, 'yata. Ba wanda ya kafa musu ko dutse."

Ban san yadda na yi sallama da ita ba. Na dai san na sauko tudun ina jin kamar ana bin bayana, ban kuma waiwaya ba. Bareyin na nan tsaye inda na bar su.

Ranar da gunduma ta kira taron jin ra'ayin jama'a, a zauren wata makaranta, mun je mu da dama, muka jeru a layin baya da mayafanmu. Ban taɓa ganin Amurkawa sun yi musu irin na ranar ba. Wani dattijo mai hular hana-sallah ya daɗe yana faɗa, a taƙaice dai jiha ta ci moriyar ganga za ta yar musu da kwauronta, gobe a ƙara musu haraji. Wata mata ta ce ita filin ƙwallo take so wa 'ya'yanta. Masu kamun kifi suka ce su dai a bar musu tafki, ko wane ne zai riƙe ba ruwansu. Wani matashi mai taye a wuya ya ce a sayar da gefen tudun a gina gidaje, a gyara sauran da abin da aka samu. Wasu suka yi masa ihu, wasu suka tafa.

Sai tsohuwar ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai jarirai a kan tudun nan da aka haifa cikin bauta suka mutu cikinta, ba suna, ba dutse, iyayensu mata ba su samu ko yinin makoki ba aka mayar da su gona. Ta ce in aka rufe gandun aka sayar, a kansu za a zuba kwalta. Mai hular hana-sallah ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Wata wakiliyar gunduma ta ce in har sun karɓa, abu na farko shi ne a kewaye tudun, a kafa dutsen tunawa da yaran da suka mutu, a riƙa taruwa ana yi musu addu'a kowace shekara.

Aminiyata 'yar Jos ta mintsine ni a cinya har sai da na ji zafi. "Sista," ta raɗa mini, "yaranmu ne fa take yi wa kuka."

Na sani. Tun a kan tudun na sani. Amma sai da na ji an ce dutse, an ce addu'ar matattu, sannan abin ya sauko mini a ciki. 'Yata tana raye, tana cin abinci, tana yi mini tsiwa a waya, amma za a sa ta cikin matattu, a tsaya a kan abokiyar tafiyarta a ce Allah ya jiƙan wanda ke kwance a nan. Na san abin da littafi ya ce, nama ne, ya zama ƙasa tuntuni. To littafi bai taɓa haihuwa ba. Makon nan na dame ta da kira, har ta ce da Turanci, "Mama, wai me ke faruwa? Ina cikin aji fa." Na ce ba komai, muryarki nake son ji. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ba a iya faɗa wa ɗan boko, ko da kuwa ke ma 'yar bokon ce.

Ranar Asabar matan suka taru a falona. An sha shayi an ci cincin, ba wadda ta ji ɗanɗanonsu. Wata ta ce mu ja bakinmu mu yi shiru, doka ta hana haƙa a gandun gwamnati, kuma ba kowa a cikinmu zamansa ya gama daidaita a ƙasar nan ba. 'Yar Maraɗi ta ce, "Mu tai da sassahe kowa ta tone tata, shi ke nan. Wa za ya tsayawa gaban jandarma ya yi bayanin wanga abu?" Aminiyata ta ce ba a nan gizo ke saƙar ba. In maganar ta fito, masu cewa kada a karɓa sun samu abin da suke nema, za su ce ashe duka ƙarya ce har manyan kaburburan, a sayar da tudun, mu da tsohuwar duk mu yi biyu babu. In kuma mun yi shiru, mun bar baiwar Allah tana makokin yaran da ke makaranta suna cin fiza. Gaba kura, baya siyaki.

Maigidana da ya shigo ɗaukar caja ya ga dama ta samu. Ya ce ya tambayi malami, malam ya ce ba wani abu, addu'a ba ta kashe mai rai.

Na ce, "Kai da Inna ta bari a mota, yau kai ne da fatawa?"

Matan suka kwashe da dariya, ya ɗauki cajarsa ya fice. Daga baya na ba shi haƙuri, don gaskiya ya faɗa, ita ce dai ba ta yi mini amfanin komai ba.

A ƙarshe na ce ni dai zan faɗa wa tsohuwar, ita kaɗai, ba gunduma ba. Ƙasar nan tata ce tun kafin ta zama ta jiha, abin da ta ga dama ta yi da maganar. Wadda za ta zo ta zo. Ban zaci za su zo ba, amma ranar Lahadi da la'asar sai ga motoci suna bin tamu. 'Yata ta zo hutu, ita ke tuƙa ni, kuma a hanya na ba ta labarin tun daga firji. Tana jin haka ta rage gudu.

Tsohuwar na kan kujerarta. Da ta ga mata suna hauro tudu da mayafai sai ta miƙe tana dogara sanda. Na durƙusa kamar yadda zan durƙusa wa Inna, na ce, "Mama, mun zo da magana." Na faɗa mata duka, al'adar, da benen da ba shi da ƙasa, da tsohuwar da ta ga duwatsu ta zaci iyakar gona ce. Turancin da nake taƙama da shi ranar ya yi ta tuntuɓe.

Da ta buɗe baki muryarta ta canza. "Kun zo da fartanya kuna tona ƙasa a kan mutanena. Shekara da shekaru." Na ce haka ne, ba mu sani ba, amma haka ne. Ta juya mana baya tana kallon tutocin, ban san ko kuka take yi ko fushi ba. Ta riga ta ɗauki yaran nan ta sa a zuciya, ta tsaya gaban jama'a dominsu, mu kuma mun zo mun ce mata babu su.

"Suna raye?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Suna raye, Mama."

"Dukansu?"

"Dukansu. Ga ta farkon nan."

Ta juyo ta dubi 'yata tun daga takalmi har kai, doguwa, da wayar kunne rataye a wuya. Ta daɗe tana kallonta kamar wadda ta ga fatalwa da rana tsaka. Sannan ta ce, "To. Kowa ta je ta tsaya a kan nata. Ina so in gani."

Matan suka cire takalma duk da sanyin, ba wanda ya ce su cire. Suka shiga cikin tutocin a hankali suna share ganye da hannu. Wannan ta ga gindin tukunyar furenta, waccan ta ga tsakuwarta. 'Yar Maraɗi ta tsaya a kan ɗaya ta nuna sauran nata da yatsa. Na waɗanda suka ƙaura Texas ko suka koma gida kuwa aminiyata ta san su, don ita ta rako yawancinsu, ta bi ta ɗora ɗan itace a gindin kowace tuta. Aka gama, kowa ta ɗago.

Tutocin ba su ƙare ba.

Ga su nan a tsakanin ƙafafunmu, nan ɗaya, can biyu, ba tukunya, ba tsakuwa, ba mai su. Muka sake bi, muka ambaci duk wadda ta taɓa haihuwa a cikinmu, ba su ƙare ba. Ashe duk shekarun nan a tsakaninsu muke durƙusawa muna haƙa, Allah ne kawai ya riƙa kau da bakin fartanyarmu. Tsohuwar ta tako da sandarta ta tsaya a kan ɗaya daga cikinsu, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ita kaɗai ce, su kuma sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai na lura ni ce kaɗai ban tsaya a kan komai ba. Inna ba ta kife tukunya ba, ba ta jera tsakuwa ba. Bishiya ce alamarta, bishiyar kuma babu. A ɗan kwarin da kututturen ya bari akwai tutoci biyu, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Matan da suka fara kawo nasu bayan ni sun ce tabbas nan ne wurin Inna, daga nan kowa ta matsa, amma wacce daga ciki, ba wadda ta sani. Ɗaya tawa ce. Ɗayar ta wata uwa ce da ta tsaya a nan tun ba a haifi kakar kakata ba.

'Yata ta matso, kafaɗarta na gogar tawa. Da Turanci ta tambaya, a hankali, "Mama, wacce ce ni?"

Na dubi ta dama, na dubi ta hagu. Ganye iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Mutum ɗaya ce ta sani a duniya, ita kuma tana kwance a Zariya. Na ce, "Ban sani ba."

'Yar Maraɗi ta ce a ɗan tona kaɗan mana, in an ga farin ƙyalle shi ke nan. Tsohuwar ta buɗe ido ta ce ba ƙarfen da zai sake taɓa ƙasar nan tana raye. Ba sai ta faɗa ba. Ƙyalle ya daɗe da ruɓewa, kuma ko duniya za a ba ni ba zan soka fartanya inda za ta iya fitowa da ɗan ƙashi ba.

Ita da kanta ta je ta faɗa wa gunduma, ban san da waɗanne kalmomi ba, ba ta dai ambaci kowa ba. An ɗan yi surutu, mai hular hana-sallah ya samu abin faɗa na ɗan lokaci, amma manyan kaburburan ba su gusa ba, ƙananan da suka rage ma haka. Gunduma ta karɓi gandun da ƙyar da jiɓin goshi. Aka cire sarƙar banɗakuna, aka kewaye tudun da baƙin ƙarfe, namu da nasu duk a ciki, don ba mai iya raba su. Sauran matan hankalinsu ya kwanta. Kowa ta san nata, ta san ba shi ake nufi ba in ana addu'ar matattu.

Saura ni. Ranar da aka buɗe wurin, bayan jama'a sun watse, na tsaya a jikin shingen daidai ɗan kwarin nan. An cire tutocin an shuka ciyawa, amma na san inda suke. Tsohuwar na gefena, ta ga na ɗaga hannu na tsaya cak, ta tambaye ni abin da ya faru. Na ce mu addu'a biyu gare mu. Jariri in ya zo sai a ce Allah ya raya. In ya koma sai a ce Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Ga ramuka biyu, ban san wacce zan yi wa wanne ba.

Ta ce in fassara mata ta farkon. Na ce roƙo ne Allah ya bar shi ya rayu, ya girma.

Ta dubi ciyawar ta ce, "Ba na jin an taɓa faɗa wa nawa haka. Faɗa musu duka biyun."

Na faɗa. Ta ce amin irin tasu, na shafa. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Ɗayar fa? Ta waɗanda suka tafi?"

Na buɗe baki, na dubi ƙasar, na rufe. Ba ta matsa mini ba, ta ɗauki kujerarta muka sauko tare.

Ina zuwa har yanzu, yawanci ni kaɗai. Na san akwai yaro a wurin nan da ke jiran a nema masa rahama, ya daɗe yana jira, kuma ni ce ke tsaye a kansa. Kullum da niyyar yi masa nake hawa tudun. Sai in tuna kamu ɗaya ne tsakaninsa da 'yata, ban kuma san ta wane gefen ba. Har yau bakina bai iya faɗa ba.